Ranka ya daɗe, wace doka ce ta ba ka wannan ikon?

A watan Janairun 1980, ko wata huɗu ba a cika ba da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, jami'an shige da fice suka dira gidan Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman a Maiduguri suka ɗauke shi suka tsallaka iyaka da shi suka sauke shi a ƙasar Chadi, wai shi ba ɗan Najeriya ba ne. Mutumin nan fa ba wani ɓoyayye ba ne, shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno a ƙarƙashin jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim, mutane ne suka fito suka zaɓe shi, takardar korar tasa kuma ministan cikin gida na gwamnatin NPN, Bello Maitama Yusuf, shi ya sa mata hannu.

Da magana ta je gaban Babbar Kotun Maiduguri, alƙali bai tsaya tambayar ko Shugaba mutumin kirki ne ko yana damun gwamnati da surutu ba, abin da kotu ta bi shi ne, dokar shige da fice ta ba minista ikon korar baƙo, to shin wannan mutumin baƙo ne? Aka kawo shaidu aka tabbatar ɗan ƙasa ne, shi kenan magana ta ƙare, tunda dokar ba ta ba minista ikon korar ɗan ƙasa ba, sashe na 38 na tsarin mulkin 1979 ma ya hana ƙarara, to takardar da ya sa wa hannu ba ta da wani matsayi a idon shari'a, kamar ba a taɓa rubuta ta ba. Kotu ta ce a biya shi diyyar naira 350,000, a lokacin da naira ta fi dala daraja, daga baya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage kuɗin zuwa 50,000 amma ta bar asalin hukuncin yadda yake.

Wannan ƙa'idar da ta dawo da Shugaba gida ita nake so mu yi magana a kai, wadda lauyoyi ke kira ultra vires, wato mai riƙe da muƙami ya yi abin da ya wuce ikon da doka ta ba shi. Kuma abin da nake so in faɗa a taƙaice shi ne mu talakawa muna da hannu dumu-dumu a lalacewarta, domin mun saba auna aikin mai mulki da niyyarsa ko da wanda abin ya faɗa wa, ba mu auna shi da ikonsa.

Tushen maganar ba shi da wuya. Ni da kai, ɗan ƙasa gama-gari, muna da damar yin duk abin da doka ba ta hana ba. Shi kuwa gwamna ko minista ko kwamishina ko shugaban wata hukuma, idan yana aiki da sunan ofis, abin a juye yake, ba shi da damar yin komai sai abin da doka ta ba shi izini. Idan ka ce masa me ya sa ka yi kaza, amsar "ai babu dokar da ta hana ni" ba amsa ba ce, sai ya buɗo sashen da ya ce ya yi. Dalili kuwa ikon ba nasa ba ne, ba gado ya ci ba, aro aka ba shi da sharuɗɗa. Mu da muka taso muna jin karatun fiƙihu a zaure ma bai kamata abin ya zame mana baƙo ba, in ka wakilta mutum ya sayar maka da saniya sai ya je ya sayar da gona, cinikin gonar nan bai hau kanka ba ko da kuwa ya samo mata kuɗin da ya fi darajarta, domin ba a nan ka aike shi ba. Kuma huɗubar farko ta Sayyidina Abubakar bayan an yi masa mubaya'a kowa ya san ta, ya gindaya wa biyayyar da za a yi masa sharaɗi, bai ce a bi shi ido rufe ba.

A tsarin shari'ar da muka gada daga Ingila kuwa abin ya daɗe. Tun 1765 wata kotu a can ta yanke cewa 'yan aiken sarki da suka fasa gidan wani marubuci mai suna John Entick suka kwashe takardunsa da takardar izinin wani babban minista sun yi laifi, saboda babu dokar da ta ba ministan ikon bayar da irin wannan izinin. Kuma ko a lokacin da Turawa ke mulkinmu da ƙarfin bindiga ƙa'idar ta taɓa cin su a kan ƙasarmu. A 1925 gwamnatin mulkin mallaka ta tuɓe Eleko, wato sarkin Legas, mai suna Eshugbayi, ta kore shi zuwa Oyo, aka yi ta shari'a har kotun ƙarshe ta daular da ke Landan, a 1931 alƙali Atkin ya ce babu wani jami'in gwamnati da zai taɓa 'yanci ko dukiyar mutum sai in zai iya kare halaccin abin da ya yi a gaban kotu. A shekarar Eleko ya koma Legas. Ina kawo wannan ne saboda masu cewa wai irin wannan magana sabuwar fitinar lauyoyi ce ta zamanin dimokuraɗiyya.

Abin da ya karya mana ita a zuciya mulkin soja ne. A 1970 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Lakanmi cewa gwamnatin soja ta wuce iyaka da ta ƙwace dukiyar mutane da doka ta musamman ba tare da shari'a ba, cikin 'yan makonni gwamnatin Gowon ta fito da doka mai lamba 28 ta shafe hukuncin, ta ce babu kotun da za ta sake tuhumar dokar soja. Daga nan aka shiga yayin dokokin da ke zuwa da saƙon cewa kotu ba ta da hurumin ko kallonsu, irin doka mai lamba 2 ta 1984 da ake tsare mutum da ita ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Kusan shekara talatin muka yi jimilla a ƙarƙashin soja, mutanen da ke mulkinmu yau da mu da ake mulka duk a cikin wannan iskar muka girma, shi ya sa har gobe idan gwamna ya tsaya a gaban kyamara ya ce na rushe kaza nan take, na kori wane nan take, sai ka ji jama'a na cewa kai wannan namiji ne, wannan shi ne shugaba. Wanda ya ce bari in duba doka tukuna kuwa sai a ce ba shi da kuzari.

Tsarin mulkin 1999 duk da ƙorafin da ake yi a kansa ya toshe wannan ƙofar a rubuce. Sashe na 1 ya ce shi ne sama da kowa da kowace hukuma, duk dokar da ta ci karo da shi ta faɗi, sashe na 4 ya hana majalisa yin dokar da za ta ƙwace wa kotu hurumi. Kuma gaskiya kotuna sun yi amfani da shi fiye da yadda mutane suke tsammani.

Ku tuna da marigayi Balarabe Musa. Kafin zaɓen 2003 hukumar INEC ta fito da wasu sharuɗɗa na rajistar jam'iyyu, ciki har da sai jam'iyya ta buɗe ofis a jihohi 24, abin da sai mai kuɗin gaske zai iya. Sashe na 222 na tsarin mulki ya riga ya lissafa abin da ake bukata kafin ƙungiya ta zama jam'iyya kuma babu wannan a ciki. Balarabe Musa da Gani Fawehinmi da sauransu suka je kotu, a Nuwamban 2002 Kotun Ƙoli ta ce INEC ba ta da ikon ƙara sharaɗi a kan wanda tsarin mulki ya ajiye, aka soke su, jam'iyyu suka tashi daga 6 zuwa 30. Za ka iya cewa jam'iyyu 30 sun yi yawa, ni ma ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma in sun yi yawa hanyar ita ce a gyara tsarin mulki, ba wai ma'aikatan hukuma su zauna a ofis su rubuta nasu ba. Haka aka sake yi a 2007 lokacin da INEC ta cire sunan Atiku Abubakar daga takarar shugaban ƙasa, ranar 16 ga Afrilu, saura kwana biyar zaɓe, Kotun Ƙoli ta ce hukumar ba ta da ikon hana ɗan takara tsayawa, wannan aikin kotu ne, dole aka koma aka sake buga takardun ƙuri'a a gurguje.

To amma misalin da ya fi tsaya min a rai, wanda kuma shi ne ainihin gwajin ko mutum ya yarda da ƙa'idar nan ko bai yarda ba, shi ne umarnin shugaban ƙasa mai lamba 10 da Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2020. Niyyar wallahi mai kyau ce. Gwamnoni sun daɗe suna riƙe kuɗin majalisun jihohi da na kotunan jihohi, sai sun ga dama su sakar musu, alhali sashe na 121 na tsarin mulki ya ce a ba su kuɗinsu kai tsaye, kuma kowa ya san alƙalin da sai ya je gidan gwamnati roƙon kuɗin man janareta ba zai iya kallon idon gwamna ya yanke masa hukunci ba. Sai Buhari ya umarci Akanta Janar na tarayya da ya riƙa cire kuɗin daga kason duk jihar da ta ƙi biya ya tura musu. Mutane da yawa sun yi murna, har da lauyoyi da ma'aikatan kotu. Jihohi 36 suka kai ƙara, a watan Fabrairun 2022 alƙalai shida cikin bakwai na Kotun Ƙoli suka ce shugaban ƙasa ya wuce ikonsa, umarnin ya faɗi.

Na san akwai waɗanda har yau suke ganin kotu ta taimaki gwamnoni ne a kan zalunci. Ni ban ga haka ba, kuma ga dalilina. Idan aka yarda yau cewa shugaban ƙasa zai iya sa hannu a cikin kason jiha da takarda guda saboda dalili mai kyau, to an yarda ke nan yana da wannan ikon, kuma ikon ba zai tafi da Buhari Daura ba, zai zauna a ofis ya jira na gaba, shi kuma na gaban shi zai yanke wa kansa mene ne dalili mai kyau. Ai mun taɓa gani. A 2004 Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas saboda gwamna Tinubu ya ƙirƙiro sababbi 37 a kan 20 da tsarin mulki ya sani, shi ma yana da tasa hujjar, kuma a Disambar shekarar Kotun Ƙoli ta ce sababbin ba su kammalu ba sai majalisar tarayya ta yi nata aikin, amma duk da haka shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin. Wato ko da wancan ya yi ba daidai ba, kai ba a ba ka sandar hukunta shi ba. Kuɗin nan ba a gama sakinsu ba sai da 'Yar'aduwa ya hau a 2007, ma'aikata da malaman firamare na Legas su suka sha wahalar tsakanin.

Wannan ita ce gaɓar da muke faɗuwa a kai kullum. Ranar 7 ga Mayun 2021 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu a rana ɗaya, ɗaya a kan Katsina inda gwamna Masari na APC ya rushe zaɓaɓɓun ciyamomi da kansilolin PDP a 2015, ɗaya a kan Oyo inda gwamna Makinde na PDP ya rushe na APC a 2019, duka biyun kotu ta ce haramun ne domin sashe na 7 ya tabbatar da zaɓaɓɓun shugabanni a ƙananan hukumomi kuma babu gwamnan da ke da ikon tsige su ya naɗa kantomomi. Dan Allah a duba, aiki iri ɗaya ne sak, amma ɗan APC a Katsina ya yi tafi a 2015 ya yi kuka da abin da aka yi wa 'yan jam'iyyarsa a Oyo, ɗan PDP kuma ya yi akasin haka. Kowannensu da hujjarsa, ai zaɓen da ya kawo su na maguɗi ne, ai ɓarayi ne sun cinye kuɗin jama'a. To in zaɓen maguɗi ne akwai kotun zaɓe, in sata suka yi akwai EFCC da ICPC da kotu, babu inda aka rubuta cewa gwamna ya zama mai ƙara kuma alƙali kuma mai zartarwa.

Kuma wuce iyaka ba sai lallai mutum ba shi da ikon kwata-kwata ba. Wani lokacin yana da shi amma doka ta ce ga yadda zai bi, sai ya tsallake. Canjin kuɗin da aka yi mana shi ne babban misali kuma babu wanda zai manta da shi, layukan banki tun asuba, masu POS suna sayar da naira da naira, mata a kasuwannin ƙauye sun kawo kaya babu mai saye saboda babu tsabar kuɗi. Babu mai musun cewa Babban Banki yana da ikon janye takardun kuɗi da amincewar shugaban ƙasa, amma sashe na 20 na dokar bankin ya ce sai an ba da wa'adi mai ma'ana. An sanar a ƙarshen Oktoban 2022, sababbin kuɗin ba su fara fita ba sai tsakiyar Disamba, aka ce 31 ga Janairu tsofaffin sun daina aiki, da ƙyar aka ƙara kwana goma. Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a dakata ranar 8 ga Fabrairu, shugaban ƙasa ya fito a jawabinsa na 16 ga wata ya ce tsohuwar 200 kaɗai ya yarda ta ci gaba, sai ranar 3 ga Maris kotu ta yanke cewa ba a ba da wa'adin da ya dace ba kuma ba a tuntuɓi waɗanda ya kamata a tuntuɓa ba, tsofaffin 200 da 500 da 1000 su ci gaba da yawo har ƙarshen shekara. Ko bayan hukuncin sai da aka ƙara kwana goma kafin Babban Banki ya fito ya ce ya bi. A nan ma me aka riƙa gaya mana? Ai don a hana sayen ƙuri'a ne, ai don a karya masu garkuwa da mutane ne. Mutane da dama sun haɗiye wahalar saboda sun yarda da niyyar, amma sharaɗin wa'adin nan da aka raina an sa shi ne daidai don kare mai sayar da tumatir da ba ta da asusun banki.

Wani lokacin kuma ikon da aka ba ka na abu ɗaya ne sai ka ɗora wani a kai. Da gwamnatin Kano ta tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi na II ranar 9 ga Maris 2020, ba a tsaya nan ba, aka ɗauke shi aka kai shi Loko sannan Awe a jihar Nasarawa aka sa masa jami'an tsaro. Ban shiga maganar tuɓewar ba, kowa da ra'ayinsa kuma shi kansa ba ita ya kai ƙara a kai ba. Amma korar fa? A Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce babu dokar da ta ba gwamnati ikon ɗauke ɗan ƙasa ta tsare shi a wani gari don kawai an sauke shi daga sarauta, ta ce a biya shi naira miliyan 10 a kuma ba shi haƙuri a jaridu. Al'ada ce ta Turawan mulki da aka ci gaba da yi shekara da shekaru har mutane suka ɗauka doka ce, kuma kafin wannan an riga an yanke irin haka a shari'ar Sarkin Gwandu Mustapha Jokolo da aka tuɓe a 2005.

Kar wani ya ce wannan duk rigimar manya ce. A ƙasa abin ya fi muni, domin a nan ne babu mai lauya. A watan Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya ta ce hukumar NBC mai kula da kafofin watsa labarai ba ta da ikon cin tarar gidajen rediyo da talabijin, bayan ta ci tashoshi 45 tarar naira 500,000 kowacce a 2019, saboda ita ba kotu ba ce. A Oktoban 2024 wata kotun a Abuja ta ce jami'an VIO na birnin ba su da ikon tsayar da mota su ƙwace ta su ci mai ita tara. Yanzu ka ɗauki wannan ma'aunin ka zagaya da shi garuruwanmu, ɗan kwamitin da ke kwashe kayan mai tebur ya jefa a mota ba takarda ba rasit, jami'in da ke sace iskar tayar mai adaidaita, wanda ke karɓar wayar saurayi a kan hanya ya shiga buɗe hotunansa, wanda ke kama yaro ya aske masa kai a bainar jama'a saboda askin bai yi masa ba, shugaban makarantar da ke ƙirƙiro kuɗin da babu shi a ko'ina, hakimin ko ciyaman ɗin da ke raba filin makaranta ko na maƙabarta. Wasu daga cikin waɗannan jama'a na yaba musu, musamman in an ce gyaran tarbiyya ake yi, ni ma ina son tarbiyya kuma ina da 'ya'ya, amma hukumar da doka ta ce ta yi nasiha ko ta kama ta miƙa wa 'yan sanda, ranar da ta fara yanke hukunci da kanta a bakin titi ta fita daga aikinta, kuma ɗan talaka ne kaɗai ake yi wa, ba a taɓa tsayar da ɗan mai kuɗi a cikin mota mai baƙin gilashi an aske shi ba.

Akwai hujjar da masu kare irin wannan ke kawowa wadda ba zan raina ba. Suna cewa ƙasar nan tana cikin matsala, 'yan bindiga ba sa jiran kotu, shari'a tana ɗaukar shekaru, majalisa ba ta aiki, in shugaba ya tsaya bin kowane sashe babu abin da zai yi har wa'adinsa ya ƙare. Suna kuma cewa su kansu alƙalan suna wuce nasu hurumin, kuma wannan gaskiya ne, mun ga yadda a 2024 kotun tarayya da kotun jiha suka riƙa ba da umarni masu karo da juna a rikicin masarautar Kano har mutane suka rasa wanne za su bi, sai a Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce Babbar Kotun Tarayya ba ta da hurumi a maganar sarauta. Amma ka lura, abin da kotun ta yi amfani da shi a wannan ɗin ma ita ce dai ƙa'idar, an tambayi alƙali shi ma wa ya ba ka iko. Maganar gaggawa kuwa, yawancin gwamnoninmu majalisun jihohinsu a hannunsu suke, mun sha ganin doka ta tsallake karatu na ɗaya da na biyu da na uku cikin kwana ɗaya ko biyu idan gwamna yana so. Wanda zai iya samun doka cikin kwana biyu in ya ƙi nema ya yi gaban kansa, ba gaggawa ce ta hana shi ba, bai ga dalilin da zai sa ya nemi izinin kowa ba ne. Kuma neman dokar yana da amfani ko da majalisar 'yan amshin shata ce, domin abin zai fito a rubuce, a san iyakarsa, a san wanda zai aiwatar, wanda aka zalunta ya san inda zai kama.

Abin da ya sa suke ci gaba da yi kuwa lissafi ne mai sauƙi, babu abin da suke asara. Ciyamomin Katsina sun jira kusan shekara shida, lokacin da hukunci ya fito wa'adinsu ya daɗe da wucewa, abin da kotu ta iya yi shi ne ta ce a biya su albashi da alawus ɗinsu, daga ina? Daga baitulmalin jiha, wato kuɗin mutanen da aka hana wa shugabannin da suka zaɓa, bayan an riga an biya kantomomin da aka naɗa a wurinsu. An biya sau biyu ke nan kuma wanda ya sa hannu a takardar ko sisi bai fita daga aljihunsa ba. Miliyan 10 ɗin Sanusi ma ba daga aljihun wani za ta fito ba. Matuƙar haka abin yake, duk gwamnan da ya zo zai yi abin da yake so ya ce a je kotu, domin ya san kafin a gama ya sauka.

Sannan dokokinmu da kansu sun jibga wa mai ƙara duwatsu a hanya. Akwai dokar kare jami'an gwamnati da muka gada tun zamanin Turawa, wadda ta ce in za ka kai jami'i ƙara kan abin da ya yi a bakin aiki sai cikin wata uku, in ka wuce shi kenan. Kotuna sun ce kariyar ba ta rufe wanda ya fita daga hurumin ofishinsa ko ya yi da mugun nufi ba, amma kafin ka tabbatar da hakan an shekara ana jayayya a kan wannan gaɓar kaɗai. Mutumin ƙauye da wani jami'i ya zalunta, wata ukun farko yana zarya ne tsakanin mai unguwa da dagaci da hakimi yana neman a sasanta, bai ma san agogo na tafiya ba. In kuma Allah ya taimake ka ka yi nasara aka ce a biya ka, sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu ya ce kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai an samu amincewar Antoni Janar, wato babban lauyan gwamnatin da ka kayar.

Waɗannan biyun su ya kamata mu riƙa tambayar 'yan majalisarmu a kai idan sun zo gida neman ƙuri'a, a tsawaita wata ukun nan ko a cire shi a kan abin da ya shafi 'yancin mutum da dukiyarsa, a soke sharaɗin amincewar Antoni Janar, sannan a ba alƙali dama a fili cewa idan ya tabbata jami'i ya san ba shi da iko, ko an riga an yanke hukunci a kan irin abin ya sake yi, to wani kaso na diyyar daga albashinsa ko fanshonsa za a cire. Ƙungiyar lauyoyi ta NBA tana da rassa a Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri da sauran manyan garuruwa, kuma dokokin shigar da ƙarar haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun ba ƙungiyoyi damar shigar da ƙara a madadin wanda ba shi da hali, ba sai shi da kansa ba. Ƙara guda a kan kwamitin da ke kwashe kayan masu tebur, in aka bi ta har ƙarshe aka samu hukunci a rubuce, za ta amfani dubban mutanen da ba su taɓa taka harabar kotu ba.